Abin da Sikeli Ya Ce

Daren Juma'a a Louth, ruwa na dukan kwanon gareji.
Na jawo sikeli, na ce wa Hansatu,
zo ki riƙe mini kai.
Babura biyu tsaye kamar raguna a turke,
ɗaya na warin mai,
ɗaya ba ya warin komai.

Mai fetur ɗin na san shi kamar yunwar cikina.
Tseren yini guda, jarka biyu ta tafi.
Ya nemi baƙin mai, ya nemi fulogi,
shekara ta juyo ya miƙo hannu, a sake fistin.
Fam sittin nan, fam ɗari can,
shatin yatsuna duk ya ɓata littafin lissafi.
Shekara goma sha ɗaya ina ɗiban ruwa da kwando
ban taɓa cewa na gaji ba.

Na lantarkin aro ne, Desmond ya kawo.
A soka masa waya a bango, a je a yi lisha,
kafin asuba ya ƙoshi da kuɗin burodi uku.
Hansatu ta ce, Baba, ka ga araha.
Na ce, tambayi Desmond kuɗin batir in ya mutu.
Desmond ya dubi rufi, ya sosa ƙeya,
ya faɗi abin da zai biya hayarmu har bazara.

Muka tura su bisa sikeli.
Na farko, kilo ɗari da sittin da 'yan kai.
Na biyu, allura ta wuce ɗari biyu
ta ci gaba da tafiya kamar an aike ta.
Buhun masara guda aka ɗinke masa a ciki.

Ga abin da na so ta gane:
mai fetur yana gudu yana ramewa,
kowane zagaye ya ƙone wani abu daga kayansa,
ya iso layin ƙarshe sakayau.
Batir kuwa, cike ko wayam, nauyinsa ɗaya.
Halin bashi ke nan.

Ta ce, jiki magayi, bari Lahadi ta zo.

Lahadi, fitila ta mutu, aka saki birki.
Ban ji tashinta ba.
Ashirin suna ruri a baya, ita ta riga ta kai kwana,
sai wani siririn fito kamar buta a kan wuta.
Wallahi na tsinci kaina ina tsalle a laka,
ni da na zo in ce, ai na gaya miki.

Zagaye na shida, a gangaren da ke bayan itatuwa,
ta kwantar da shi, ya ƙi tasowa.
Buhun masara ya ce shi ciyawa yake so.
Suka tafi tare, a hankali,
kamar wanda barci ya kwashe a zaune.
Ƙarti uku masu rigar ruwan lemo
suka yi nishi kafin ya tsaya da ƙafafunsa.

Ta cire hular kwano tana dariya,
hannuwanta na rawa, ta kasa zuge safa.
Ta ce, Baba, na ji kana kiran sunana a zagaye na biyu.
Shekara nawa nake ihu a bakin shingen nan,
ba ta taɓa ji ba.

Da dare na buɗe littafi, na ja layi a tsakiya.
Hagu ya cika har ya zubo.
Dama, wuta, fam biyar,
sai babban fili da na bar wa batir.
Tana kan benci, ina murza mata wuyan hannu,
ruwa bai fasa dukan kwano ba.

Man zafi, fam huɗu.
Na rubuta shi a dama.